Babi na Shida: Rumbun Mai Bishara

Matafiyin da ya baro Birnin Ƙonni ya fuskanci gabas, da ya kai Tsarnawa zai tarar hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta miƙe ta bi ta Malbaza da Galmi da Madawa har Maraɗi. Ɗaya kuma ta karkata arewa, ta ratsa Badagishiri, ta bi ta duwatsun Adar ta shiga Tawa. Mafi yawan abin da aka rubuta na tarihin Kiristan Nijar masu jin Hausa a kan hanyar farko ya faru. Can ne asibitin Galmi, can ne Tsibiri da Danja, can ne makarantun Littafi Mai Tsarki da tsofaffin majami'u. Hanya ta biyu ba ta sami marubuta ba. A cikin Tawa akwai majami'u, na Katolika da na sauran ɗariku, kuma da yawa daga masu cika su ma'aikata ne da 'yan kasuwa da aiki ya kawo daga kudu, ko daga Benin da Togo da Najeriya. Amma in ka fita gari ka yi arewa maso yamma, wajen Afala da Takanamat da Tebaram, ka shiga ƙasar da Kirista kan yi tafiyar yini bai gamu da wanda za su yi addu'a tare ba.

Ƙasa ce mai wuyar zama ko ga 'ya'yanta. Takanamat tana bakin iyakar noma. Dokar da gwamnatin Nijar ta kafa a 1961 ta shata layi ta ce daga nan zuwa arewa makiyaya ce, kuma layin bai yi nisa da waɗannan garuruwa ba. Damina gajera ce, ruwa kan makara ko ya ɗauke da wuri, hatsin da aka yanka sau da yawa ba ya kai gida bazara. Tsofaffi suna lissafin shekarunsu da yunwar 1973 da ta 1984, matasa kuma da ta 2005. Shi ya sa Ba'adare ya yi suna wajen ci-rani: da an gama kaka sai maza su watse, wasu Abijan, wasu Legas, wasu Kamaru, wasu Libiya, a bar gari hannun mata da tsofaffi da yara. Mutanen kuma Musulmi ne, Hausawansu da Buzayensu da Fulaninsu. Ƙidayar 2012 ta nuna Musulmin Nijar sun haura kashi 99 cikin 100, kuma a nan arewacin Adar ɗan ragowar da ya saura bai kai a gan shi ba.

To, in ikkilisiya ta ce tana da nauyin kai bishara irin wannan wuri, tambaya biyu ce a gabanta. Wa zai je ya zauna? In ya je, me zai ci? Ta farko an daɗe da amsa ta a taron wa'azi, matasa su ɗaga hannu, a ɗora musu hannu, a yi waƙa. Ta biyun ce ake yawan barin ta a ƙofar majami'a, kuma ita ce ke mayar da mutane gida bayan damina biyu.

Sai mun koma baya kaɗan kafin mu gane yadda aka zo nan. Mishan ɗin da ya fi kowane tasiri a ƙasar Hausa ta Nijar shi ne SIM. Mutum uku suka fara shi a 1893, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Biyun farko zazzaɓi ya kashe su a ƙasar Najeriya kafin shekara ta kewayo, Bingham kaɗai ya koma. Sai a 1902 suka sami wurin zama a Patigi, bakin Kwara. Nijar kuwa sun shigo ta a 1924, suka sauka Damagaram, sannan a 1927 suka buɗe Tsibirin Gobir kusa da Maraɗi. Faransawa ba su sake da su ba, don baƙi ne masu jin Ingilishi da suka ƙetaro daga ƙasar da Ingila ke mulki, kuma a lokacin yaƙin duniya na biyu gwamnatin Vichy ta takura musu ƙwarai. Bayan yaƙi ne aka ba su izinin gina asibiti, aka nuna musu wani tsauni mai duwatsu a Galmi. A 1950 likita Burt Long ya fara duba marasa lafiya a can. Yau in ka ambaci Galmi a kasuwannin Afirka ta Yamma albasa za a fara tunawa, amma a ƙauyukan Adar sunan yana nufin wurin da ake kai mace in haihuwa ta gagara, ko mutum in hanjinsa ya huje. Mutane da yawa na arewacin Tawa a gadon asibitin nan suka fara ganin Kirista ido da ido.

Sunayen da suka shiga littattafai na Turawa ne. Amma Bature bai taɓa shiga ƙauye shi kaɗai ba. Akwai wanda ya koya masa Hausa, akwai wanda ya gaya masa cewa ba a fara magana sai an gai da mai gari, akwai mai wanke gyambo a ɗakin magani, akwai mai tara yara da yamma yana koya musu baƙaƙe. Wasunsu daga Najeriya aka kawo su, wasu 'yan ƙasa ne da suka ba da gaskiya, irin su Abba Musa na Damagaram, wanda ya yi shekaru yana aikin bishara a Dungas. Su ne suka kwana a ƙauyuka, su ne suka sha zargi a gaban danginsu, su ne suka rage in Bature ya tafi hutu ƙasarsu. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, wanda likita Walter Miller na Zariya ya yi wa aiki mai yawa tare da Hausawan da suka taimake shi, a bakin waɗannan mutane ya isa kunnen manomi. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Tarihin ikkilisiya a wannan ƙasa ya tabbatar da karin maganar tun kafin kowa ya zauna ya tsara ta a matsayin manufa.

Manufar kuwa akwai ta, kuma tsohuwa ce. Henry Venn, wanda ya shugabanci mishan ɗin CMS a Landan daga 1841 zuwa 1872, ya koyar da cewa ikkilisiyar da aka dasa dole ta kai ga mulkin kanta, da ciyar da kanta, da yaɗa bishara da kanta. SIM ta riƙe wannan da ƙarfi, musamman ɓangaren ciyarwa. Ba ta so mai bishara ya zama ma'aikacin Bature mai jiran albashi, don kada mutanen gari su ce kuɗi ne ya saye shi, kuma don kada aikin ya mutu ranar da kuɗin waje ya yanke. Suna da hujja mai ƙarfi a hannu. A ƙasar Habasha, lokacin da Italiya ta kori 'yan mishan ɗin SIM daga yankin Wolaita a 1937, masu bin da aka yi wa baftisma ba su kai ɗari ba. Da aka dawo bayan shekara biyar ko shida, dubbai aka tarar, ba Bature, ba albashi, manoma ne suka yi ta kai wa manoma labari.

Ina ganin gaskiyar wannan manufa, kuma har yau ina tare da ita. Amma ba zan ɓoye abin da ta jawo ba. Ɗan mishan yana zaune a gidan siminti, yana da mota, 'ya'yansa suna makarantar kwana, kuɗinsa na zuwa daga ikkilisiyoyin Amurka da Kanada da Ostareliya kowane wata. Shi ne kuma yake gaya wa abokin aikinsa baƙar fata cewa ya dogara ga Allah da gonarsa. Ba sai mutum ya yi mugun nufi ba kafin irin wannan magana ta yi ciwo. Ga kuma zancen makaranta. SIM ta yi jinkiri ƙwarai wajen ba 'ya'yan masu bi ilimin boko da Faransanci, alhali a Nijar wanda bai iya Faransanci ba ba ya samun aikin gwamnati. Sakamakon haka ikkilisiyar da aka ce ta ciyar da kanta ta tashi da 'yan ma'aikata kaɗan masu albashin da za a fitar wa zakka. Barbara Cooper, wadda ta rubuta tarihin Kiristan Maraɗi a littafin da ya fito a 2006, ta bi diddigin wannan ƙorafi a bakin dattawan da abin ya shafa. Ikkilisiyar EERN, wadda ta fito daga aikin SIM a Nijar, ta tsaya da ƙafarta a lokacin samun 'yancin kai, kuma wajen ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 ta dare, aka sami UEEPN da Salama. Dalilan rabuwar suna da yawa, amma zancen dukiya da wanda ke riƙe da ita yana cikinsu.

A ƙetaren iyaka 'yan'uwanmu sun sami wata hanya tun da wuri. A 1948 aka kafa ƙungiyar aika masu bishara 'yan ƙasa a cikin ikkilisiyoyin SIM na Najeriya, wadda daga baya ta zama EMS, hannun bishara na ikkilisiyar ECWA. Tsarin mai sauƙi ne. Ikkilisiya ɗaya, ko Zumuntar Mata ta wani gari, ko ma gida ɗaya mai hali, su ɗauki nauyin mai bishara da matarsa, su san sunansu, su san ƙauyen da suke, su riƙa aika musu abin zaman gari. Panya Baba, Bagwari daga Karu, ya shugabanci ƙungiyar daga 1970 zuwa 1988, kuma a hannunsa masu bisharar suka kai ɗaruruwa, wasu har aka aika su wajen Najeriya. Abin lura a nan shi ne an ci gaba da cewa ikkilisiya ta ciyar da kanta, amma an daina ɗora wannan nauyi a kan mutum ɗaya da garmarsa. Mai sayar da ƙosai a Jos da malamin makaranta a Kaduna suna cikin ikkilisiyar da ake nufi, kuma kuɗinsu na gida ne.

Wannan bambanci shi ne rai da mutuwa a arewacin Adar. A kudancin Maraɗi ana iya cewa mai bishara ya yi noma ya ci, don ƙasa tana bayarwa in damina ta yi kyau. A wajen Takanamat kuwa mai gonar gado ma ba ya ƙoshi da gonarsa, balle baƙon da aro za a ba shi, kuma abin da ake ba baƙo aro galibi fako ne ko tudun da mai shi ya gaji da shi. In rumbunsa ya ƙare, me maƙwabtansa suke yi? Ci-rani suke tafiya. Shi ma in ya bi su, ya bar 'yan masu bin da ya tara wata shida ko bakwai ba mai karanta musu Littafi. In ya zauna, sai bashi. Mai shago zai ba shi tiya biyu yau, uku gobe, har ranar da zai ce masa, “Malam, ka yi haƙuri, littafinka ya cika.” Daga ranar nan wa'azinsa ya rage nauyi a garin, don ba a sauraron nasihar wanda ake bi bashi da kunne ɗaya da na wanda ba a bi. Wasu sukan ce wannan jarrabawar bangaskiya ce. Ni ina ganin jarrabawar ta waɗanda suka aike shi ce, kuma su ne suke faɗuwa.

Ya kamata mai karatu, musamman wanda ya saba da manyan majami'un Yamai ko Kano, ya san yadda sujada take a irin waɗannan ƙauyuka. Ba bene, ba lasifika. Rumfar kara ce a cikin gida, ko inuwar ɗaki, tabarma biyu, mutum shida ko goma, rabinsu yara. Ana farawa da sassafe kafin rana ta yi zafi, kuma ga na kusa da Tawa akwai wani dalilin: Lahadi ce ranar babbar kasuwar garin, mai akuyar sayarwa ba zai jira a gama doguwar huɗuba ba. Ana rera abin da aka haddace daga Littafin Waƙoƙi, waɗanda yawancinsu da karin Turawa aka ɗinka su, amma in mata suka karɓi waƙa sai ta koma irin ta gida, ɗaya ta bayar saura su amsa, da tafi da ƙwarya. A nan ne sujadar takan yi rai. Karatu kuwa mai bishara ne ke yi, don sau da yawa shi kaɗai ya iya, ko da yake yanzu waya ta kawo sauƙi: ana zuba Linjila cikin ɗan katin waya da murya, mace tana daka tana ji, makiyayi yana bayan dabbobi yana ji. Bayan karatu ba a cika yin wa'azi irin na mumbari ba. Tambaya ake yi, a amsa, wani tsoho ya ce bai yarda ba, a sake karantawa.

Baiko ma ba kuɗi ba ne kullum. Wata ta kawo ƙwai, wani ya kawo zangarniyar hatsi, wani dala biyar a ƙulle cikin gefen rawani. Da kaka akan kawo dami don godiya. Baftisma sai an jira damina ta cika tabki. Jibin Ubangiji kuma sai ranar da fasto ya samu zuwa daga birni, don a yawancin ɗarikunmu mai bishara ba shi da izinin ba da shi, kuma faston na iya yin watanni bai sami kuɗin man babur ba. Ina roƙon shugabanninmu su sake duba wannan. Mutumin da aka amince masa ya zauna shi kaɗai a bakin daji da sunan ikkilisiya, ya yi jana'iza, ya sasanta ma'aurata, bai kamata garkensa su shekara ba su zauna teburin Ubangiji ba saboda takardar da ba shi da ita.

Yanzu ga zancen kuɗin waje, wanda shi ne ya fi raba kawuna. Akwai ƙungiyoyi a Amurka da Turai da Koriya da suke tara kuɗi da cewa ɗan ƙasa ya fi Bature arha, ya san harshe, ba ya bukatar biza, don haka a ba da 'yan daloli kowane wata a ɗauki nauyinsa. Maganar tana da gaskiya a cikinta, kuma akwai gidajen masu bishara da wannan taimako ya raba da yunwa. Ba zan ce a ƙi shi ba. Amma kuɗin da ya zo daga nesa yakan zo da bukatarsa. Mai bayarwa yana son rahoto, yana son hoto, yana son lamba: mutum nawa suka tuba a wannan wata? A ƙasar da mutum kan yi shekara goma yana zuwa hira da dare kafin ya furta kome, wannan tambaya tana tura mai gaskiya ga kunya, tana tura mai rauni ga ƙarya. Hoton kuma da aka ɗauka don a faranta wa wani a Texas rai, gobe yana Facebook, jibi yana wayar ɗan'uwan wanda aka ɗauka. An sha raba mace da mijinta da 'ya'yanta ta irin wannan sakaci. Sannan ga rarrabuwar da yake kawowa tsakanin ma'aikata: wannan yana da mai ɗaukar nauyinsa a waje, ya sayi babur, wancan da suka gama makarantar Littafi Mai Tsarki tare yana tafiya a ƙasa. A 1971 John Gatu na Kenya ya yi kira a dakatar da karɓar 'yan mishan da kuɗinsu na ɗan lokaci don ikkilisiyar Afirka ta san kanta. Byang Kato na ECWA bai goyi bayan haka ba. Ni ma ban ga yadda za a ce wa mai jin yunwa ya ƙi abinci don a koya wa wasu darasi ba. Abin da nake cewa shi ne taimakon waje ya bi ta hannun ikkilisiyar ƙasa, a raba shi da tsari ɗaya ga kowa, kuma ya zama ƙari a kan na gida.

Akwai wani dalilin da ya sa tushen kuɗin yake da muhimmanci, kuma ya shafi maƙwabtanmu Musulmi. Zargin da aka fi yi wa aikin bishara a ƙasar Hausa shi ne ana sayen talakawa da hatsi da magani. Hanya ɗaya ce ta wanke wannan zargi, ita ce a tabbatar ba gaskiya ba ne. Rijiyar da aka gina ta kowa ce. Hatsin da aka raba a shekarar yunwa a ba liman da ladan kafin a ba ɗan ikkilisiya, kuma kada a haɗa shi da sharaɗin zuwa sujada. Asibitin Galmi ya shekara fiye da 70 yana duba mutanen da kusan dukansu Musulmi suka zo, Musulmi suka koma, kuma wannan ne ya sa ake girmama shi. Mai bishara da zai zauna lafiya a Adar shi ne wanda ya fara da gaisuwa a ƙofar mai gari, ya faɗi ko shi wane ne ba ɓoye-ɓoye, yana zuwa suna da ta'aziyya, yana fita gayya, ba ya zagin abin da mutane suke girmamawa. Yana faɗin abin da ya gaskata ga wanda ya so ji, wanda bai so ba su ci gaba da gaisawa. In an tambaye shi wa ke ciyar da shi, ya iya cewa 'yan'uwansa ne na Tawa da Maraɗi da Dogon Dutsi, mutanen da ake iya zuwa a gani.

Mun ga ranar da wannan zumunci ya yi amfani. A 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai. 'Yan sanda sun ƙirga 45 a Yamai kaɗai, mutum 10 suka mutu a garuruwan biyu. Kiristan Nijar ba su zana kome ba, amma an ɗauke su wakilan Turawa. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, wanda shi kansa ɗan Adar ne daga Dandaji, ya fito ya ce masu wannan aiki ba su fahimci Musulunci ba. A unguwanni kuma Musulmi da dama sun ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗakunansu har ƙura ta lafa. Wanda aka ɓoye, an ɓoye shi ne don an san shi, an ci abinci da shi, an san uwarsa.

Tun daga lokacin arewacin jihar Tawa ya ƙara tsanani. A Oktoban 2016 aka kashe sojoji 22 a Tazalit. Mako guda bayan haka 'yan bindiga suka shiga Abalak suka sace Jeffery Woodke, Ba'amurken da ya shekara fiye da 20 yana aiki cikin makiyayan yankin, suka kashe mutum biyu da ke tsaron gidansa. Sai a Maris na 2023 aka sako shi. A Maris na 2021 kuma aka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya a yini ɗaya, kuma Musulmi ne aka kashe. Takanamat tana kan hanyar da ta nufi can. Yau Bature ba ya bin waɗannan hanyoyi sai da rakiyar sojoji, in ma an bar shi. Abin da Venn ya rubuta a matsayin buri, tsaro ya mai da shi tilas: in akwai wanda zai yi wannan aiki a arewacin Adar, ɗan ƙasa ne. Amma kada wannan ya zama hanyar tura talaka inda mai fasfo ba zai je ba, a zauna a birni ana karɓar rahoto. In gwamnatin Amurka za ta yi ta fafutuka shekara shida saboda Woodke, ɗan ƙasarta ɗaya, ikkilisiyar da ta aiki mutum bakin daji ya kamata aƙalla ta san lambar wayarsa, ta kira shi kowane mako, ta kuma ba shi ikon kwashe iyalinsa ya dawo ranar da ya ga alamar haɗari, ba tare da wani ya ce masa ya gudu daga kira ba.

Manzo Bulus ya ɗinka tantuna a Koranti tare da Akila da Bilkisu, kuma wannan ne misalin da ake yawan kawo wa mai bishara in ya yi kukan rashi. Ana mantawa cewa shi Bulus ɗin ya karɓi gudummawa daga ikkilisiyar Filibi ba sau ɗaya ba, har suka aiko masa da mutum takanas ya kai masa ita a kurkuku. Sana'a tana da kyau, har ma ta fi albashi ba mutum daraja a ƙauye. Wanda ya iya allurar dabbobi, ko gyaran famfon rijiya, ko haɗa fitilar hasken rana, gari yana bukatarsa, kuma yana da dalilin zama da kowa ya gane. Dabarar raya kututturen itace a gona, wadda Tony Rinaudo na SIM ya fara yaɗawa tare da manoman Maraɗi a 1983, da ramukan tara ruwa da manoman Illela da Keita suka farfaɗo da fako da su, duk abubuwa ne da mai bishara zai iya shiga gari da su a hannu. Sai dai sana'a tana son jari da koyo, kuma makarantunmu na Littafi Mai Tsarki ne ya kamata su sallami ɗalibi da ita, ikkilisiya kuma ta saya masa kayan aiki.

Kuɗin yin haka akwai shi a cikinmu, ko da ba shi da yawa. Majami'ar da ta iya sayen manyan lasifikoki da shimfiɗa tayil tana iya ɗaukar gida ɗaya a arewa. 'Ya'yanmu da ke Abijan da Kwatano suna aiko da kuɗin gini da na biki ta waya cikin minti ɗaya, kuma ba a taɓa zama an nuna musu wannan bukata da suna da wuri ba. Zumuntar Mata, wadda a kowace ɗarika ita ce ta fi riƙon amanar asusu, ta riga ta saba da tara tiya-tiya. Jika goma da ke zuwa ranar da aka ce za ta zo ta fi jika ɗari da ke faɗowa sau ɗaya a shekara bayan wani babban taro, don da ta farkon ne mutum yake iya sayen hatsi da kaka lokacin da yake da arha. A lissafin kuma a sa matarsa da sunanta. Ita ce ke shiga gidajen da shi ba ya shiga, ita ce ke zama da mai naƙuda, ita ce ke jan ruwa a rijiya mai gaba da yawa, kuma in aka koma gida galibi lafiyarta ce ko karatun 'ya'yanta ya mayar da su. Yaran nan sukan kai shekarun shiga kwaleji a garin da babu ita, sai a rasa gidan da zai riƙe su a Tawa, alhali ga dattawan ikkilisiya da ɗakuna a rufe.

Akwai kuma ƙarshen aiki, wanda ba a cika zancensa ba. Mai bishara ba ma'aikacin gwamnati ba ne, ba shi da fansho. Gonar da ya noma shekara 20 ta aro ce, gidan da ya zauna na ikkilisiya ne, gadonsa na garinsu kuwa 'yan'uwa sun raba tun yana can, wani lokaci ma an hana shi saboda addininsa. In ƙarfinsa ya ƙare, ko ya rasu, za a aiko wani ya shiga ɗakin, matarsa kuma ta tattara kwanukanta ta nemi wanda zai karɓe ta. Matasan da ke makarantar Littafi Mai Tsarki suna ganin waɗannan tsofaffi, kuma da su suke auna ko za su yarda a tura su arewa. Fili ɗaya a gefen Tawa ko Ƙonni, da sunan mutumin a takarda, wanda za a fara biya tun shekarar da aka aike shi, bai fi ƙarfin ikkilisiyoyi uku in sun haɗa hannu ba, kuma a taron da aka ɗora masa hannu ya kamata a karanta sunayen ikkilisiyoyin da suka ɗauki wannan alkawari.